Kaduna da Bukukuwan Dutse: Daga Dala da Turunku zuwa Kagoro

Yawancin tsofaffin biranen ƙasar Hausa a gindin dutse suka tashi. Kano tana da Dala da Gwauron Dutse, Zariya tana da Kufena da Madarkaci, a Kwatarkwashi kuwa da garin da dutsen suna ɗaya suke amsawa. Kaduna ba haka asalinta yake ba. Turawan mulkin mallaka ne suka zaɓi wurin saboda kogi da hanyar jirgin ƙasa, suka kawo sojojinsu a 1913, sa'an nan a 1917 suka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru suka dasa ta a cikin ƙasar Gbagyi, a arewacin kogin. Saboda haka mutumin da aka haifa a Kawo ko Unguwar Shanu ko Unguwar Rimi yana iya girma har ya yi furfura bai taɓa ganin ranar da gari ya fita ƙwansa da kwarkwatarsa domin hawan dutse ba. Amma kuwa jihar da wannan birni yake mulki cike take da duwatsu masu tarihi, wasu an daina hawansu, wasu har gobe ana yi musu biki. Wannan maƙala za ta bi sawun irin waɗannan bukukuwa, ta duba abin da ya raya wasu da abin da ya kashe wasu, da kuma yadda birnin Kaduna ya karɓe su.

Abin sha'awa shi ne, mutumin da ya fi kowa jawo hankalin masana ga matsayin dutse a tarihin Hausawa shi ne ya kafa cibiyar binciken tarihi ta Kaduna. A 1970 aka buɗe Gidan Arewa a tsohon gidan Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, da ke kan titin Rabah, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith. A wannan shekarar ce kuma ya buga maƙalarsa a kan kafuwar dauloli a ƙasar Hausa a cikin mujallar Ƙungiyar Tarihi ta Nijeriya. Smith bai gamsu da cewa zuwan Bayajida ne mafarin sarauta a ƙasar Hausa ba. A ganinsa birane sun tsiro ne sannu a hankali a wuraren da suka tara abin da ke jawo mutane, watau ƙasar noma mai kyau, da ruwa, da tama ta ƙira, da mafaka idan yaƙi ya taso, da kuma iskokin da ake jin suna zaune a kan manyan duwatsu. Wanda ya riƙe tsafin dutse shi ne ya fara riƙe mutane. J.E.G. Sutton, wanda ya yi binciken kufai a kewayen Zariya, ya ƙara faɗaɗa wannan magana a 1979. Ko da mutum bai yarda da duk abin da suka faɗa ba, da wuya ya musa cewa hawan dutse a ranar da aka keɓe ya girmi hawan doki a ranar salla.

Dala da Takutaha

Mafi tsufan bayanin bukin dutse da ake da shi a rubuce a ƙasar Hausa yana cikin littafin Tarihin Kano, wanda H.R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908. Littafin ya ce Barbushe, wanda ya fito daga zuriyar Dala, a kan dutsen yake zaune, kuma shi kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura, wadda aka kewaye itaciyarta da ginin katanga. Sau biyu a shekara yake saukowa. Mutane kan taru a gindin dutsen daga kowace kusurwa, maza da mata, kowa da abin yankansa baƙi, ko kare ko kaza ko bunsuru, shi kuma ya shiga ya fito ya gaya musu abin da shekara za ta zo da shi. A nan akwai taron jama'a, akwai hadaya, akwai kuma duban shekara, kuma waɗannan ukun za a sake cin karo da su a Kagoro. Binciken ƙasa ya nuna an narka tama a Dala tun wajen ƙarni na 7, ke nan zaman mutane a wurin ya riga zuwan Bagauda, wanda ake sa farkon sarautarsa a 999, da ɗaruruwan shekaru.

Akwai wani ɗan abu a cikin labarin da masu karatu kan wuce ba su lura ba. Marubucin ya ce ranakun da Barbushe ke saukowa su ne ranakun idi biyu. Barbushe bai san idi ba. Malamin da ya rubuta tarihin Musulmi ne, kuma da kalandar da ya sani ya auna ranakun mutanen da suka riga shi. Wannan ɗan tuntuɓen alƙalami ya nuna hanyar da al'amarin ya bi daga baya. Sarki Tsamiya (1307–1343) ya fasa katangar Tsumburbura, a zamanin Yaji (1349–1385) Wangarawa suka zo aka tsai da salla, tsafin ya mutu. Hawan dutsen bai mutu ba. Har yanzu a ranar Takutaha, watau ranar da mako ya zagayo bayan Mauludi, wadda ake ɗauka a matsayin ranar sunan Manzon Allah (SAW), yara da matasa da 'yan mata na Kano kan yi ado su hau Dala har dutsen ya rufe da mutane. An yi ta saɓani a kan asalin al'adar da ma'anar sunanta, akwai kuma malaman da ba su sonta, suna ganin ragowar maguzanci ce aka yi wa rawani. Masu yin ta kuwa murnar haihuwar Annabi suke yi, babu mai tuna Tsumburbura. Abin lura shi ne, tun da aka ɗaura hawan a kan watan Rabi'ul Awwal, ya rabu da damina da rani, domin shekarar Hijira tana gaza ta rana da kwana 11. Takutaha kan faɗo a cikin hunturu, ta faɗo a bazara, ta faɗo ana tsakiyar noma. Bukin da a da yake duban shekarar manomi ya zama bukin birni.

A ƙasar Zazzau abin bai samu irin wannan mafaka ba. Turunku, wadda take tsakanin Kaduna da Zariya kuma ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Igabi a yau, tana da duwatsu da ragowar ganuwa, kuma da ita ake danganta Bakwa Turunku, wanda tarihin baka ya ce shi ya haifi Amina da Zariya, kuma a zamaninsa, wajen 1536, aka koma kusa da Kufena. Sunan Amina ya cika ƙasa, an sa wa makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai, amma dutsen da aka ce daga can gidansu ya taso masu ziyararsa yawanci ɗalibai ne da masu bincike. A Zamfara kuwa an san Kwatarkwashi da bukin kamun maiki, inda samari kan hau dutse su kamo tsuntsun da ransa, bukin da ke haɗe da tsafin Magiro. Irin wannan biki, da yake hadayarsa a fili take, bai sami wata rana ta Musulunci da zai fake a bayanta ba, sai ya yi ta ja da baya.

Afan na Kagoro

Kimanin kilomita 200 kudu maso gabas da Kaduna, a Ƙaramar Hukumar Kaura, tsaunukan Jos suna gangarowa yamma su ƙare da wani dogon dutse da ya yi wa garin Kagoro rumfa. Tsayinsa ya haura mita 1,200 daga bakin teku. Da yake yana tare iskar damina mai tasowa daga kudu maso yamma, ruwan sama ya fi yawa a gindinsa bisa ga sauran ƙasar da ke kan layi ɗaya da shi, har akwai kurmi irin na kudu a dajin Nindam da ke kusa, wanda masana tsuntsaye suka sa a cikin wurare masu muhimmanci na Nijeriya. Mutanen wurin suna kiran kansu Agworok, Hausawa ne suka ce Kagoro, kamar yadda suka ce Katab ga Atyap, Kaje ga Bajju, Jaba ga Ham. Harshensu ɗan'uwan Tyap ne na kusa. Tarihinsu na baka ya ce daga gabas suka fito, ta wajen ƙasar Bauchi, suka yada zango a Nimbiya, daga nan suka hau dutsen suka zauna a kansa da cikin kogunansa.

A harshensu kalmar afan dutse take nufi, kuma ita ce sunan bukin. Masu shi suna cewa ya haura shekara 400. Yadda suke ba da labarinsa na da, idan an gama girbi an kai amfani rumbu, kafin a shiga farautar rani, babban mai tsafi kan hau dutse ya tsarkake shi, ya zuba giya, ya roƙa wa mafarauta kariya. Kafin wannan rana ba mai ikon sa wa dutsen wuta ko ya shiga farauta a cikinsa. Kashegari maza su hau da kwari da baka, a kewaye dajin, a yi farautar gayya, da yamma a sauko da kiɗa da kirari, wanda ya yi abin bajinta a ɗauko shi a kafaɗa. Wajen watan Afrilu ake yin wannan, gab da faɗuwar ruwa.

Bahaushe ba zai ji wannan baƙo ba. Shi ne buɗar daji da ake yi a ƙasar Arewa da Adar da wasu sassan Katsina da Zamfara, inda ba a fita farauta sai masu daji sun buɗe shi sun kuma duba abin da shekara ke tafe da shi. Amfaninsa a fili yake ko ga wanda bai yarda da iskoki ba. Hana farauta na watanni yana ba namun daji damar hayayyafa, hana sa wuta barkatai yana tsare rumbuna da ciyawar jinka, kuma tara maza duka a rana ɗaya a ƙarƙashin umurni ɗaya horo ne na yaƙi. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da suka shafe ƙarni na 19 suna tsakanin Zazzau da Jama'a, masarautun da ke kai hari cikin duwatsu neman bayi da gandu. Kagoro ba ta shiga hannun ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma dutsen ne ya tsare ta. Wanda bai riƙe wannan ba ba zai gane abin da ya sa bukin ya wuce wasa a wurin masu shi ba.

Turawa suka shigo da bindiga a 1905, suka naɗa sarki ga mutanen da a da dattawan zuriya da masu tsafi ke riƙe da su, suka yi ta matsa musu su sauko ƙasa inda za a iya ƙirga su a karɓi haraji. A.J.N. Tremearne, wanda ya yi aikin mulki a yankin, ya buga littafi a kansu a 1912 mai suna The Tailed Head-Hunters of Nigeria. Sunan littafin kaɗai ya isa shaida a kan idon da ya dube su da shi, ko da yake akwai bayanai a ciki da mai bincike ba zai iya tsallakewa ba. An bar Kagoro da Marwa da Jaba a matsayin gundumomi masu zaman kansu, ba a ƙarƙashin wani sarkin yanka ba, har bayan da aka mai da su Lardin Zariya a 1934. Kafin nan jirgin ƙasa ya iso Kafanchan ya wuce Jos a 1927, mishan na SIM kuma sun kafa tasha a Kagoro a cikin waɗannan shekaru, da makaranta, daga baya da makarantar koyon Littafi Mai Tsarki. Da Hausa suka yi wa'azi, da Hausa aka yi karatu, musamman bayan fitowar cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki a 1932. Wannan ne ya sa har yau Hausa take da ƙarfi a coci da kasuwa a ƙasar da ba ta taɓa bin sarkin Hausa ba.

A 1945 aka naɗa Malam Gwamna Awan, wanda ya yi makarantar horon malamai ta Toro kuma Kirista ne, ya zama Sarkin Kagoro. Ya yi shekara 63 a kan gado, ya rasu a 2008, Ufuwai Bonet ya gaje shi. Tun 1946 aka mai da Afan ranar 1 ga Janairu. Wannan shi ne babban juyi a tarihin bukin, kuma daidai yake da abin da ya faru da Dala. Sabon addini ba zai zauna da zuba giya a kan dutse ba, jama'a kuma ba za su yar da ranar da ke gaya musu ko su wane ne ba. Sai aka cire hadayar, aka sa addu'ar godiya a madadinta, aka ɗauke taron daga kan dutse aka kawo shi fadar sarki, aka ɗaura shi a kan ranar da ma'aikaci da ɗan makaranta da soja suke hutu. Mafarauta suna nan, suna fitowa da kayan farauta da ƙahoni da ganguna, amma jerin gwano suke yi a gaban sarki da manyan baƙi, tare da ƙungiyoyin rawa na unguwanni da na maƙwabta da na matasan coci. Wanda ya yi wannan dabara ya san abin da yake yi, domin maƙwabta da dama da ba su yi haka da wuri ba sai da bukukuwansu suka kwanta, daga baya aka tashe su da sabon tsari, irin su Tuk Ham na Kwoi da Ayet na Atyap.

Sai dai kowace dabara da kuɗinta. Bukin Afrilu doka ce a kan daji, na Janairu kuwa tuni ne da tarihi. Da aka raba ranar da buɗe farauta, babu sauran wata rana da dutsen yake rufe kafinta. Abin da a da tsoron tsafi yake tsarewa ya koma hannun ma'aikatan gandun daji, su kuwa ba su da yawa, kuma ba a jin tsoronsu kamar yadda ake jin tsoron mai tsafi. Noma da saran itace da gawayi sun ci gefen dazuzzukan yankin. Haka Dala take fama da gine-gine da zaizaya a gindinta, duk da cewa tun 2007 Nijeriya ta sa ta, tare da ganuwar Kano, a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Akwai kuma asarar da ta fi shafar masu nazarin harshe, watau kalmomin da ke tafiya da aikin: sunayen kogunan dutse da hanyoyinsa, kirarin mafarauta, da lafazin da mai tsafi ke yi. Rawa tana iya rayuwa a fili, amma waɗannan ba sa rayuwa sai a bakin wanda ke amfani da su.

Abin da Kaduna ta yi da su

Birnin da ba shi da dutsen kakanni sai aka yi masa biki na doki. Hawan daba, wanda Turawa suka aro sunansa da tsarinsa daga Indiya suka haɗa da hawan salla na sarakuna, an yi shi a Kano a 1925 domin Yariman Wales, amma Kaduna ce ta zama gidansa. An yi wa Sarauniya Elizabeth a watan Fabrairu na 1956, an sake yi a 1959 domin murnar samun mulkin kai na Jihar Arewa, sa'an nan aka yi mafi girma a 1977 a lokacin FESTAC, wanda saboda shi aka gina otal ɗin Durbar da aka rushe a 2020. A irin wannan taro kowane lardi da ayarinsa, kuma mutanen dutse sukan fito, masu rawa da maharba, a ƙasa, bayan dawaki. Tsarin ya nuna yadda masu shirya shi suka ɗauki tarihin Arewa: mai doki shi ne tarihi, mai kwari da baka kuwa ado ne. Ga shi kuwa binciken da aka yi a Gidan Arewa da Jami'ar Ahmadu Bello a cikin waɗannan shekarun yana nuna cewa kakan mai dokin ma a kan dutse ya fara.

Wuri na biyu da duwatsun kudu suka shigo birnin shi ne gidan tarihi na ƙasa da ke kan titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975 a tsohon ginin jam'iyyar NPC. A can akwai gumakan yumɓu na Nok, ƙauyen ƙasar Ham da aka fara tsintar irinsu a wurin haƙar kuza a 1928, kafin Bernard Fagg ya gane a 1943 cewa al'ada ɗaya ce mai faɗi. Binciken Jami'ar Frankfurt da aka fara a 2005 ya kai farkon wannan al'ada wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ke nan mafi tsufan abin da jihar take taƙama da shi a idon duniya daga ƙasar duwatsu ya fito. Ham suna ɗaukar kansu magadan Nok, kuma bukin Tuk Ham yana jingina da wannan, ko da yake tsakanin masu gumakan da mutanen yau akwai shekaru kusan 2000 da ilimin kufai bai cike ba.

Sauran labarin na baƙin ciki ne. Rikicin Kafanchan na Maris 1987, wanda ya watsu har Kaduna da Zariya da Funtuwa, da na Zangon Katab na 1992, da na Kaduna na 2000, sun sa kogin da aka kafa birnin dominsa ya zama iyaka. Musulmi da yawa suka tattara suka koma arewa, Kiristoci da yawa suka haye kudu, zuwa Sabon Tasha da Narayi da Television. A da ma'aikacin reluwe ko na masaƙa ɗan Kagoro yana iya zama gida ɗaya da Bakano ko Bazazzagi, idan ƙarshen shekara ya zo ya gayyace shi gida biki. Irin wannan zama ya ragu ƙwarai. Ƙasar Kagoro kanta ta sha hare-hare. A watan Disamba na 2016, ana saura 'yan kwanaki biki, gwamnati ta sa dokar hana fita a Kaura da Jama'a da Zangon Katab, a watan Maris na 2022 kuma an kashe mutane fiye da 30 a wani hari a Kagoro. A irin wannan hali jawaban da ake yi a filin Afan sukan koma kan tsaro da zaman lafiya, labarin dutsen da ya tsare kakanni kuma ya sami sabuwar ma'ana a kunnen masu sauraro.

A ƙarshen kowane Disamba motoci kan cika a tashoshin kudancin birnin, su bi hanyar Kachia zuwa Kafanchan da Kagoro, ɗauke da 'yan ƙasar da ke komawa gida biki. A Kawo kuwa, idan Rabi'ul Awwal ya kama, Kanawan da ke zaune a Kaduna su ma sukan nufi gida da 'ya'yansu, wasunsu har su hau Dala ranar Takutaha.